Dutsen kunnen kifi da haƙorin saniya



Kai makiyayi, in aka kawo maka bijimi a kara, ba ka tambayar mai shi shekarunsa. Baki kake buɗewa ka duba haƙora, ko ka ƙirga zoben ƙahon saniya ka san haihuwa nawa ta yi. To, kifi ma yana ɗauke da irin wannan shaida, sai dai a cikin kai take.

A bayan idon kifi, cikin ƙoƙon kai, akwai wasu 'yan fararen duwatsu guda shida, uku kowane gefe, waɗanda yake ji da su kuma yake daidaita iyo. Mai cin kan banda ya sha tauna su. A 1971 wani masani a Amurka, Pannella, ya nuna cewa dutsen nan yana ƙara zobe ɗaya kowace rana. Zoben bai kai kaurin gashi ba, sai an goge dutsen an sa a madubin likita kafin a gan shi. Daga baya aka gwada da 'ya'yan karfasa da aka san ranar ƙyanƙyasarsu, lissafi ya zo daidai.

Ga misali. Ɗan kifi ya ƙaru da milimita 20 tun ƙyanƙyasa, an ƙirga zobe 40, ka ga rabin milimita yake yi a rana. In ruwa da ɗumi, abinci ya wadata, zoben kan yi faɗi. In hunturu ya shigo, sai su matse, kamar yadda dabba ke ramewa da rani.

Hajiya mai kwandon kifi, ga inda ya shafe ki. Bandar da ke hawowa daga Yeji, ta ƙetare zuwa Makango, ta bi Salaga har arewa, daga tafkin Bolta take, wanda madatsar Akosombo ta tara tun 1965. A tafkin akwai ƙananan kifaye da Allah ya yi su haka, sun girma sun yi ƙwai ba su kai yatsa ba. Amma ragar da idonta ya yi ƙanana, balle gidan sauro, ba ta tantancewa. Tana kwaso su tare da 'ya'yan karfasa da giwan ruwa masu 'yan makonni a duniya, waɗanda da an bar su da ɗaya ya fi mudun ƙananan kuɗi. Ni dai ina ganin wannan daidai yake da yanka maraƙi a sayar da shi a kuɗin kaza.

Ba ki da madubi, gaskiya ne, amma kina da ido. Ɗebi hannu guda ki baza a faifai. Ɗan karfasa faffaɗa ne, da ƙaya jere a gadon baya. In sun yi yawa, ki tambayi mai kawo miki wace raga aka jefa, kafin ki biya.