Jawabin Kwamitin Wasanni Kan Kuɗin Shiga Ɗakin Motsa Jiki

Shugaban taro, iyayenmu, da 'yan'uwa da suka taso daga Kano, Kaduna da Abuja, barkanku da zuwa gida.

Wasunku sun rubuto mana suna neman a rage kuɗin shiga ɗakin motsa jikin ƙungiya domin jama'a su ƙaru. Jama'a kam muna da su, wuri ne ya yi mana kaɗan. Mutum 20 ɗakin ke ɗauka a lokaci guda, kuma kowa so yake ya zo bayan Asuba ko bayan La'asar. Daga hantsi zuwa Azahar ƙarafan na ajiye suna shan ƙura. In muka rage wa kowa, cunkoson yamma ne zai ƙaru, asusu kuwa ya rame, alhali tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareta ke lashe mafi yawan abin da muke tarawa.

Shawararmu ita ce farashi ya bi lokaci. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai son yamma ya biya cikakke. Da hantsi a yi rangwame ga dattawan da likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari, a kuma keɓe wa mata ranaku biyu.

Sai manomanmu. Daga Funtua har Malumfashi kuɗi da kaka yake shigowa, bayan an sayar da masara, auduga da waken suya. A karɓi kuɗin watannin rani a hannunsu gaba ɗaya a lokacin. Da damina kuwa, fartanya ta ishe su motsa jiki.

Muna roƙon taro ya tsai da magana yau, kafin a tashi.