Wadda Ta Faɗi, Ƙungiya Ce Ke Tayar da Ita

Kun ga kowa tana kan tabarma, ni kuwa na nemi kujera. Ku gafarce ni, gwiwa ce ta sa, kuma maganarta ce ta kawo ni gabanku yau.

Ni 'yar Fagge ce a Kano. Abinci nake sayarwa. In dafa shinkafa da wake a gida, in zuba a kuloli, in kai wa 'yan kasuwa a Bata, bakin kasuwar Sabon Gari. Duk wadda ta taɓa zuwa ta san wurin: adaidaita sahu, 'yan dako, masu baro, kowa sauri yake yi. Sunan Bata ya samo asali ne daga kantin wani kamfanin takalma da ya daɗe a wurin. Ku riƙe maganar takalmin nan, zan dawo kanta.

Na yi kusan shekara takwas ina fama da ciwon gwiwa da na baya. Mu dai sanyin ƙashi muke cewa. Likitoci kuwa sun ce duk ciwon da ya wuce wata 3 bai tafi ba, ya zama ciwo mai daɗewa, kuma zama da shi sai an koya. Ni ban koya ba, daurewa kawai nake yi. In ya tashi in aika kemis a haɗo min ƙwayoyi, in haɗiye, in ɗau kula.

Wata Laraba cikin damina, an kwana ana ruwa. Na sauko daga adaidaita, kula ɗaya a ka, ɗaya a hannu. Zan tsallake kwata, silifas ɗina da ƙasansa ya riga ya suɗe ya zame, gwiwar da na dogara a kanta ta ƙi ɗauka ta. Na kai hannu in tare, sai na ji ƙas a wuyan hannu. Kun ji fa, a wurin da ake kira da sunan takalmi, tsohon takalmi ya kayar da ni. Wallahi abin da ya fara zuwa min a rai kunya ce: ga zani ya ɓaci, ga shinkafa cikin taɓo, ga mutane sun taru suna ta sannu.

Ban gaya wa kowa a ƙungiya ba. Akwai bashin ƙungiya a kaina, na ji tsoron a ce na kasa. Aka kai ni wajen mai ɗori, ya ja, ya ɗaure tam. Washegari yatsuna sun kumbura, sun yi sanyi, launinsu ya fara canjawa, in an taɓa ba na ji. Ranar taronmu ce, aka ga ban zo ba, sai ma'ajiyarmu ta biyo ni gida. Tana ganin hannun ta ce, "Yaya, wannan hannun ba zai ƙara kwana a haka ba, ɗauko mayafinki." Ta kai ni Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959. Aka kwance ɗaurin, aka ɗauki hoto, aka gyara, aka sa filasta na mako shida. Sun gaya min ɗauri mai tsauri yana tare jini, kuma da na ƙara jinkiri, hannun kansa na iya lalacewa. Ban zo zagin masu ɗori ba, sana'ar gado ce, mun kuma san su. Amma ido ba ya ganin cikin ƙashi, sai hoto.

Za ku ɗauka da aka cire filasta magana ta ƙare. Ina! A nan ma ta fara. Hannu ya warke, amma tsoro ya shige ni. In na tuna kwatar nan sai gabana ya faɗi. Na daina fita, na daina girki, na kwanta a ɗaki kusan wata biyu. Gwiwa ta ƙara sandarewa, na ƙara shan haɗin kemis, jiri ya fara ɗibata. Wani dare na tashi zuwa banɗaki ba fitila, na sake faɗuwa a tsakar gida. Na daɗe a ƙasa na kasa tashi, sai da surukata ta ji nishina.

Da muka koma asibiti, mai gashin ƙashi ta yi min bayanin da har yau ban manta ba. Mai ciwon gwiwa tana karkata jikinta gefe ɗaya, ba ta samun barci sosai, don haka tana saurin faɗuwa. In ta faɗi sai ta tsorata, tsoro ya kwantar da ita, kwanciya ta cinye ƙarfin ƙafa, raunin ƙafa ya sake kayar da ita. Haka abin zai yi ta zagayawa. Kuma mu mata, bayan al'ada ta ɗauke, ƙashinmu yana rage ƙwari, ƙaramar faɗuwa sai ta zama karaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Kun ga ashe abin da muke rufewa da "ai santsi ne kawai" ya wuce wasa.

To, me ƙungiya ta yi? Kun san irin tsarinmu ya faro ne a Maraɗi ta Nijar a 1991, inda ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata da sunan Mata Masu Dubara: zubi duk mako, akwati mai kwaɗo uku, bashi a tsakaninmu, da asusun taimako. Mu a da mun ɗauka asusun taimako na haihuwa ne da rasuwa kawai. Faɗuwata ta sa muka zauna muka sake dubawa, muka yi abu huɗu.

Na farko, kuɗin gaggawa. Ranar da aka kai ni Dala, ma'ajiya daga jarinta ta biya kuɗin mota da na hoto, domin akwati ba ya buɗuwa sai a gaban taro. Sai muka ƙara a dokokinmu cewa in 'yar ƙungiya ta faɗi ta ji rauni, masu makulli uku da shugaba da shaidu biyu za su iya haɗuwa a ranar, su fitar da kuɗi daga asusun taimako, a rubuta, a karanta wa kowa a taro na gaba. Karaya ba ta jiran ranar taro.

Na biyu, bashi. Aka ɗaga min biya na wata biyu ba tare da tara ba. Ba a yafe ba, don kuɗin na kowa ne, kuma na biya shi duka kafin rabo. Amma da ba a ɗaga ba, da na sayar da tukwanena, da kuma yau ba ni da sana'a.

Na uku, riƙe min kasuwa. Mata uku suka raba kwanaki. Ɗaya ta dafa a gidana da kayana, ɗaya ta kai, wata 'yar'uwarmu Ibo mai shago a Sabon Gari ta karɓi kuɗi ta ajiye. Aka cire musu ladan wahala, saura aka kawo min. Masu sayen abincina ba su watse ba. A wajenku wannan na iya zama ɗiban ruwa, daka, kiwon awaki, ko cire ciyawa a gonar wadda ta kwanta.

Na huɗu, kuma shi ya fi min komai, abokiyar tafiya. Wata dattijuwa a cikinmu, wadda ita ma ta daɗe da ciwon ƙugu, ta ɗauki nauyin zuwa gidana kullum bayan la'asar. Ranar farko na ce mata, "Iya, ni fa ba zan iya ba." Ta ce, "'Yar nan, ni ma haka na ce. Tashi mu je bakin zaure mu dawo." Daga zaure muka kai bakin layi, daga bakin layi muka kai titi. Muna yin motsa jikin da aka koya min a asibiti: zama a kujera da tashi sau biyar, daga baya sau goma, dafa bango a ɗaga dunduniya a sauke. In ciwo ya tsananta mu rage, amma ba ma fasawa gaba ɗaya. Ranar da za mu koma Bata, ita ta riƙe min hannu muka tsallake kwatar nan tare. Maganar da likita ya faɗa min na ji, amma ta wadda take ɗingishi kamar ni ita ce ta shiga jikina. Ai zumunci a ƙafa yake.

Yanzu bari in ba ku abin da kowace ƙungiya ya kamata ta sani, ko tana birni ko tana ƙauye.

In kun tarar da mace ta faɗi, kada ku fizge ta ta hannu. Ku tambaye ta inda ke mata ciwo tukuna. A tafi asibiti nan take in ta bugu a ka sannan tana amai, ko tana magana ba kan gado, ko barci yana rinjayarta. Haka in ta kasa taka ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, domin alamar karayar ƙugu ke nan, kuma irin wannan ɗaukarta ake yi a kwance. Haka in wuya ko baya ya bugu, hannu ko ƙafa ya mutu: kada a yi ta juya ta. In kuma an riga an yi ɗori, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, a sassauta a tafi asibiti, ko da dare ne.

In ba ta ji rauni ba, ga yadda za ta tashi. Ta huta kaɗan, ta juya gefe, ta yi rarrafe zuwa wani abu mai ƙarfi, kamar turmi ko gado. Ta dafa shi da hannu biyu, ta kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, ta miƙe a hankali, ta zauna. Mun gwada wannan a taronmu a kan tabarma, ana ta dariya, amma yanzu kowa ta iya.

Sai maganar magani. Haɗin da ake ba mu a ƙulle ba mu san me ke ciki ba. Irin su diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Tramadol yana sa jiri da barci. Dexamethasone da prednisolone, in aka jima a kansu, suna rage ƙwarin ƙashi, wadda kuma ta daɗe tana shansu kada ta yanke su rana ɗaya sai da shawarar likita. Ku tattara duk abin da kuke sha a leda, ku kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. A auna hawan jini da suga, a duba ido. In kin tashi daga kwance, ki ɗan zauna a bakin gado kafin ki miƙe. A kuma yawaita nono, zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, don suna taimakon ƙashi.

Sannan gida. Mu biyu-biyu muka zagaya gidajen juna muna dubawa: gansakuka a bakin rijiya da makwarara, tabarmar da bakinta ya naɗe, igiyar akuya a kan hanya, dokin ƙofa mai tsawo, banɗaki mara madafa. A kafa itace mai ƙarfi a banɗaki don dafawa, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa, hawa rumbu a bar wa yara masu ƙarfi. Kayan kai a raba shi sawu biyu. Silifas in ya suɗe a yar da shi, kuɗin sabo bai kai kuɗin filasta ba. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, ga tawa nan. Wadda tsayuwa ko sujada ke wahalar da ita ta tambayi malamai, addini ya ba da sauƙin yin sallah a zaune.

Ciwon gwiwata bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai ranar da nake wuni ina cije baki. Amma na koma kasuwa, da kula ɗaya a hannu, yaro yana ɗaukar ɗayar, kuma tun daga lokacin ban sake faɗuwa ba. Yanzu ni ce abokiyar tafiyar wata da ta zame a bakin famfo.

Ga roƙona. A taronku na gaba, bayan an gama zubi, kafin a rufe akwati, shugaba ta tambaya: wace ce ta faɗi a wannan watan, ko ta kusa faɗuwa? Da farko za a yi shiru, mu ma haka aka yi. Sai da na fara ba da nawa labarin, mata huɗu suka ɗaga hannu, biyu ko mazajensu ba su gaya wa ba. In wata ta ɗaga hannu a cikinku, kada a tashi sai an san wadda za ta je gidanta gobe, an kuma rubuta sunanta a littafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gida lafiya.