Awon laifi a wuraren kula da naƙasassu

 

A ce an aiko mai bincike daga Tawa ya zaga wuraren da ake yi wa naƙasassu hidima. Wuri na farko, ya tarar rajistar sunaye ba ta cika ba. Na biyu, matakala uku ce a ƙofar likita, dole gurgu ya bar kekensa a waje ya ja jiki ya shiga. Na uku kuwa, ga mai taɓin hankali ɗaure da mari a gindin itace. Duka ukun an saɓa ƙa'ida. To, hukunci ɗaya za a yi musu? Ai ko mai awon hatsi a kasuwar Madawa ba ya sayar da tiya a kuɗin buhu.

Doka dai muna da ita. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu, wadda ta ce ma'aikatar da ke da mutum 20 zuwa sama ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a Disamba 2019 kuma aka yi sabuwar doka mai lamba 2019-62. Abin da ya rage shi ne sikeli, wato yadda za a gane saɓon da zai iya jiran wata guda da wanda ba zai kwana ba.

A Amurka, masu binciken gidajen jinyar tsofaffi da marasa ƙarfi suna jera laifi daga harafin A zuwa L, bisa tambaya biyu: cutarwar ta kai ina, kuma mutum nawa ta shafa? Haruffa ukun ƙarshe na nufin ana fargabar asarar rai ko mummunan rauni nan take. Gidan da bai kawar da irin wannan haɗari cikin kwana 23 ba, gwamnati ta daina biyansa kuɗin jinya.

Ni kuwa sai in ƙara tambaya ta uku, wadda muka taso muna ji a bakin malamanmu: sau nawa? Sun ce ƙaramin zunubi in aka dawwama a kansa yakan zama babba. Wanda ya gina matakalar nan mai yiwuwa bai yi tunanin gurgu ba, a yi masa uzuri, a ba shi wa'adin gyara. Amma in an faɗa masa bara, an maimaita bana, ga matakala na nan daram, maganar ta tashi daga mantuwa ta koma raini.

Mari kam ba ya buƙatar dogon lissafi. Kun tuna Satumbar 2019, da ƴan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Irin wannan babu wa'adi, babu gargaɗi. A kwance mutum yau, a yi shari'a gobe.

Inda nake so mu daɗe shi ne laifin da ba ya barin alama. Rajista mai giɓi tana da sauƙin kamawa, ga ta a kan tebur, mai bincike ya rubuta ya wuce. Amma kurma da aka miƙa wa ƙwayoyi kala uku, aka yi masa bayani da baki, ya gyaɗa kai don kunya ya tafi gida fa? Babu takardar da za ta nuna an yi kuskure. A ido abin bai kai ya kawo ba, alhali in ya sha na dare da safe, ko ya haɗiye na kwana uku a tashi ɗaya, yana iya rasa ransa. Haka makauniyar da aka sa ta dangwala yatsa a takardar da ba wanda ya karanta mata. A sikelina waɗannan suna can kusa da mari, sun yi wa rajista nisa.

Shi ya sa bincike ba ya cika sai an zauna da masu abin. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Garuruwanmu sun daɗe da sarkin makafi da sarkin guragu, ga kuma tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH. Minti goma da su zai nuna wa mai bincike abin da yini guda cikin takardu ba zai nuna masa ba.

Ku kuma ƴan'uwa, in za ku kai ƙorafi wurin shugaban likita, ko hakimi, ko ma'aikatar magajin gari, kada ku tsaya ga "an wulaƙanta mu". Ku faɗi cutar da aka yi, ku faɗi mutum nawa ta shafa, ku faɗi sau nawa aka yi ta. In kuwa rai ne cikin haɗari, kada ku jira ranar kasuwa, ku tafi a ranar.