Gado Mai Rinjaye: Takobin Da Ba Ya Komawa Kube



Mu da muka fito daga Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, 'ya'yan manoma ne, mun kuwa san yadda gida kan yi tsit in lambu ya lalace. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna "sharon" ta faɗa wa tumatir a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Kaduna, har Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci. A wannan shekara kuma aka fara ganin tsutsar masara a Nijeriya. Dukansu baƙi ne daga nahiyar Amurka. An yi feshi har aljihu ya rame, ba su kau ba.

To, yanzu masana sun ɓullo da wata dabara wadda za mu kira gado mai rinjaye. Ga yadda take. A al'adar halitta, siffar da uba yake ɗauke da ita guda, rabin 'ya'yansa ne kan gaje ta. Amma da almakashin nan na ƙwayar halitta da ake kira CRISPR, ana iya shirya siffar yadda za ta kwafi kanta, watau kusan dukan 'ya'ya su gaje ta, jikoki ma haka. In siffar ta hana mata haihuwa ce, sannu a hankali sai iri ya ƙare. A 2018, a Kwalejin Imperial ta London, an gwada haka kan sauron zazzaɓi cikin keji, kafin haihuwa goma sha biyu ba sauran ƙwai. A 2022 masana a Jami'ar Adelaide ta Ostareliya suka nuna irin wannan ga ɓera. Har yanzu dai ba a saki ko ɗaya a sarari ba.

Lalle wannan abin sha'awa ne, gama ba guba a ciki. Amma fa zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. Alal misali, Ɓaɓura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙwaron da aka saki nan da hantsi ba zai tsaya nuna fasfo ba. Wa ya nemi yardar manomin ƙasar Magarya? Daɗa kuma, baƙon ƙwaro daban, ɗan gida daban. Jan-baki yana cinye mana gero, amma ɗan ƙasa ne, akwai masu rayuwa da shi a daji.

Mu dubi Burkina Faso. A 2019 shirin Target Malaria ya saki sauron da aka sauya wa halitta a ƙauyen Bana, ko da yake ba mai gado mai rinjaye ba ne. A watan Agusta 2025 gwamnati ta tsai da aikin ɗungum. Ashe ilmi kaɗai bai isa ba, sai da amincewar masu ƙasa.

A nan gida, dokar 2015 da ta kafa hukumar kula da irin waɗannan halittu, an yi mata gyara a 2019 don ta haɗa da wannan dabara. Gobe mu ne malaman gona, mu ne ma'aikatan da takardar neman izini za ta biyo ta teburinsu. Wajibi ne mu fahimci abin sosai, mu iya bayyana shi da Hausa a ƙofar gidan dagaci, kana mu saurari amsar talakawa kafin mu sa hannu.

Allah ya sa mu dace.