Horar Da Karnuka: Tsohon Ilimi, Sabuwar Hanyar Abinci Ga Matasanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi mu yi magana a kan sana'o'in da matasanmu za su iya kamawa da ƙaramin jari. Mun zaɓi wadda muka san wasu za su yamutsa fuska da jin sunanta, wato horar da karnuka.

Bari mu fara da addini, domin nan ne zukata ke ɗar-ɗar. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Ingantattun hadisai sun yi rangwamen riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan haka in akwai bukata. Malaman Malikiyya har sun bayyana alamar horarren kare: in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wannan dai shi ne ma'aunin da mai horo na zamani ke amfani da shi. A kan cinikin kare kansa akwai saɓani, sai a koma wa malamai, amma horo aiki ne da ake biyan ladansa.

Ilimin nan kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya tashi a Mafara ko Bakura ko Maradun ya san yadda mafarauta ke fita da rani, da ganguna da karnuka, kowane kare da sunansa, ya kuma san kiran ubangidansa a tsakiyar hayaniya. Makiyaya ma haka. Sai ga shi matsalar 'yan bindiga ta rufe dazuzzuka da yawa, farauta ta ja baya, tsofaffin da suka san sirrin suna ta ƙarewa. In ba mu yi hattara ba, za mu wayi gari muna biyan kuɗi a birni don koyon abin da kakanninmu suka sani.

A duniya sana'ar ta yi nisa. An buɗe makarantar horar da karnukan ja-gorar makafi a Jamus a 1916, wata kuma a Amurka a 1929. A nan gida, 'yan sanda da hukumar NDLEA suna aiki da karnuka masu shinshino miyagun ƙwayoyi. Ku mazauna birane kun fi mu sanin yawan gidajen gona da masana'antu da ke ajiye karnukan gadi, da yadda masu su ke neman wanda zai ladabtar da su.

To, ta ina yaro zai fara? Da farko ya zauna gaban tsohon mafarauci ya koyi karanta kare: kunnensa, wutsiyarsa, da bambancin haushin tsoro da na gargaɗi. Na biyu, ya ƙulla hulɗa da likitan dabbobi, ya tabbatar an yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafin haukan kare tun yana wata 3, ana kuma sabunta ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, da aka kafa a 1924, tana haɗa wannan allura, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello suna da tsangayar likitancin dabbobi. Kada a ɗauki wannan da wasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare. In cizo ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti nan take.

Na uku, ya fara da kwikwiyo guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonnin farko har zuwa wata 3 su ne lokacin da kare ke sabawa da mutane da awaki da ƙarar babur. Darasi ya zama gajere, minti 5 zuwa 10, sau da yawa a wuni. Kalma ɗaya ga umarni ɗaya: zo, zauna, tsaya, bari. Da zarar ya yi daidai a ba shi lada nan take, domin in an jinkirta ba zai gane abin da ya jawo ladan ba. Mu da muka tsufa a aji mun ga cewa bulala takan haifar da tsoro, tsoro kuwa a wurin kare cizo yake haifarwa. Na huɗu, ya san cewa rabin aikin horar da mai karen ne, don kada abin da aka gina a wata biyu ya rushe a mako guda.

Sai dai mu faɗi gaskiya: kare ba ya tare harsashi. Amfaninsa shi ne ya ji motsi tun daga nesa ya tayar da mutane, kuma waɗannan 'yan mintoci kan iya ceton rai da dukiya.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta zaɓi matasa kaɗan daga ƙananan hukumomin nan uku, ta haɗa su da sarakunan dawa da likitocin dabbobi, ta ɗauki nauyin rigakafinsu da na karnukansu. Ku kuma na birni ku nema musu wurin koyon aiki da masu ba su aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, Ya sa albarka a neman 'ya'yanmu.