Masu Tsaron Lambuna da Tarihin Abuja

Maganarmu ta yau ta matasa ce masu neman abin karantawa, da iyayen da ke taya su zaɓi: aikin tsara filaye da lambunan gari da adana kayan tarihi a ƙarƙashin gwamnati. A ganina Abuja na buƙatar masu wannan ilimi kamar yadda take buƙatar injiniyoyi, kuma hujjata tana cikin tarihin birnin.

Bayan Janar Murtala Muhammad ya ayyana Abuja a matsayin sabon babban birni a 1976, kamfanin International Planning Associates ya kammala taswirar birnin a 1979. Taswirar ta bi yanayin ƙasa, ta bar duwatsu irin su Aso a mazauninsu, ta keɓe bakin rafuka da kwaruruka ga itatuwa, domin nan ruwa ke bi idan damina ta kankama. To amma taswira takarda ce, ba ta hana kowa aza tubali. Mai hanawa shi ne ma'aikacin hukumar raya birnin, FCDA, ko na sashen lambuna, wanda ya san dalilin barin wurin fili, ya ƙi sa hannu. Ambaliyar da ke addabar Lugbe da Lokogoma ta isa darasi kan gini a hanyar ruwa.

Wani zai ce ai shuka furanni ne kawai. To ya leƙa Millennium Park da ke Maitama, wanda Manfredi Nicoletti ɗan Italiya ya zana, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003. Akwai lissafin gangaren ƙasa da magudanar ruwa da zaɓen itacen da zai jure rani a bayan inuwar da iyalai ke sha a can. Wani kuma zai ce birnin da aka koma a 1991 wane tarihi gare shi? Ai Gbagyi na nan tun kafin a zo da taswira. Ladi Kwali, mai ginin tukwane wadda hotonta ke kan naira 20, 'yar Kwali ce, kuma har yau ana ginin tukwane a Ushafa. Idan babu ƙwararru a Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da za su rubuta irin waɗannan wurare su kare su, katafila ce za ta yanke hukunci.

Batun albashi kuwa, gaskiya ne kamfani ya fi biya. Sai dai kamfani lambun mutum ɗaya yake tsarawa a bayan katanga, ma'aikacin gwamnati kuma yana yanke shawara kan filin da talaka zai shiga kyauta. Saboda haka, matasa, ku nemi wannan ilimi, ku shiga aikin da gaskiya da riƙon amana. Iyaye kuma ku ba su goyon baya.