Ramukan Kwal na Inugu da Rabonmu a Cikinsu



Duk wanda ya sauka Inugu ya nemi a kai shi Kwarin Iva, abin da zai tarar shi ne bakin ramuka da ciyawa ta cinye, ƙarafa sun yi tsatsa, ruwa na tsattsafowa daga cikin dutse. Nan ne aka haƙo kwal ɗin da ya tuƙa jiragen ƙasar Najeriya shekara da shekaru.

A 1909 aka gano kwal a tuddan Udi. Zuwa 1916 Turawa sun shimfiɗa dogo daga Fatakwal don kwasarsa, garin Inugu kuma ya tashi a gindin ramukan. Daga baya layin ya miƙo arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Ku lura da wannan, don a nan namu ya shigo: jirgin da ya riƙa jan buhunan gyaɗa daga Kano da kuza daga Jos, wutar cikinsa gumin mahaƙan Inugu ce. Muna alfahari da dalar gyaɗa, amma da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya durƙusa cikin duhu da diga a hannu domin gyaɗar ta isa bakin teku.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, mahaƙan suna jan ƙafa a wurin aiki saboda rikicin albashi. Hukuma ta ji tsoron nakiyar da ke ajiye a ma'adinan, ta turo 'yan sanda su kwashe ta. Aka yi cirko-cirko, aka buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, aka raunata 51, ba ko ɗaya da ke riƙe da bindiga. Zanga-zanga ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca, 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka zauna a kwamiti guda. Jinin nan ya ƙara wa neman mulkin kai gudu.

Sauran labarin gajere ne. Jiragen ƙasa suka koma dizal, man fetur ya samu, yaƙin basasa ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka.

Jamusawa ma sun daina haƙar kwal a ramukan ƙarƙashin ƙasa. Sun rufe ramin kwal na Zollverein a birnin Essen a 1986, amma suka adana ginin da injinansa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Wannan yana sosa mini rai ƙwarai, domin abin da ya faru a Iva bai gaza nasu nauyi ba.

Gyaran rami sai gwamnati, amma akwai abin da sashen tarihi na jami'o'inmu zai iya farawa bana. Tsofaffin mahaƙa na nan a unguwannin Inugu. A Zariya da Kafanchan kuma akwai dattawan reluwe da suka zuba wa injin kwal da shebur. A tura ɗalibai da rikoda su zauna da su, a tambaye su nawa ake biyansu, wane ciwo ƙura ta bar musu a ƙirji, da wane harshe suke magana da juna a bakin aiki.